Mazauni na Arba'in da Uku

Ƙarfe biyu na rana ne, ranar Litinin a watan Maris, zafi ya kwantar da karnukan wat ɗinmu, wato gidan ibadar Buddha inda 'yan zuhudu ke zama, a ƙarƙashin matakala, ko ƙuda ba sa iya kora. Ina zaune a ofis, fanka tana juyo mini iska mai ɗumi, ina buga sunaye a kwamfuta da yatsa ɗaya.

Sunana Tawi. Ni nake tuƙa a-kori-kurar wat, ni nake share ganye, ni nake kai tsofaffin 'yan zuhudu asibiti in ƙafa ta dame su. A aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Kwamfutar kuwa an damƙa mini ita ne saboda shekaruna ashirin da huɗu, a ƙauyenmu kuma an yarda duk wanda bai kai talatin ba da ita aka haife shi.

Dalilin aikin shi ne Luang Ta Bunma, tsohon da ke wat ɗin ƙetaren rafi, mu kuwa Luang Ta muke kiran duk tsohon ɗan zuhudu. Ya rasu tun ƙarshen damina, aka ajiye gawarsa kamar yadda ake yi wa manya, ranar Asabar kuma za a ƙona ta. 'Yan zuhudu arba'in da uku aka gayyata. Kafin ya cika ya bar wasiyya guda ɗaya, wai a wurin ƙona shi kada a zaunar da kowa bisa muƙami, a zaunar da su bisa damina, wato yawan daminar da mutum ya yi cikin mayafi tun ranar da aka aske masa kai. Wanda ya fi kowa damina shi zai zauna kusa da mutum-mutumin Buddha, shi zai riƙe kan farin zaren da ake warwarewa lokacin karatu, shi kuma zai hau ya ɗauke mayafi na ƙarshe daga kan akwatin gawa kafin a sa wuta.

Ba sai an tambayi na'ura ba, kowa a gundumar ya san wanda zai yi wannan. Luang Ta Kamdi ne, tsohon wat ɗinmu, mai damina hamsin da biyu. Safiya ɗaya aka shigar da su zuhudu, shi da marigayin, ran sha biyu ga watan bakwai na shekarar 2515 a lissafin ƙasarmu, sai dai Kamdi ya riga da kamar minti goma sha biyar, don mahaifin Bunma ya tsaya neman baunarsa da ta tsinke igiya. Saboda minti sha biyar ɗin nan Bunma ya shekara hamsin da biyu yana fara durƙusa wa abokinsa duk inda suka haɗu, yana yi yana gunaguni.

Luang Ta Kamdi kuwa wa'azinsa ɗaya ne tun ina yaro. Mazauni katako ne da tabarma. Wanda ya zauna gaba da wanda ya zauna baya, ƙasa ɗaya ce ke ɗauke da su. Tsofaffin mata sun haddace shi, har sukan riga shi ƙarasawa. Amma a makon nan sau uku ya tambaye ni matakala nawa ce a wurin ƙonawa.

"Tara ce, Luang Ta."

"Ka ƙirga da kanka, ko ji ka yi?"

"Na ƙirga."

"Da ƙarfen dafawa?"

"Babu."

Daga ranar, kullum da safe sai in gan shi a gindin hasumiyar ƙararrawa, yana hawa matakala tara yana saukowa, yana hutawa a ta biyar. Da ya ga ina kallo sai ya ce ƙwayayen tantabaru yake dubawa.

To, takardu sun zo daga wat goma sha ɗaya, kowa ya rubuta sunansa da ranar shigarsa da hannu, yadda kowa ke rubutawa: rana, wata, da lambobi biyu na ƙarshen shekara. Wa zai tsaya rubuta 25 a gaba, alhali duk wanda ke numfashi a gundumar a cikin ashirin da biyar ɗin yake? Na Luang Ta Kamdi 12/7/15. Haka na gani, haka na buga a jadawalin da aka aiko mini, gida bayan gida. Duk wanda na buga na danna, sai lambobin su ɓace, wasu zane-zane su fito a madadinsu, huɗu a jere, kamar shingen kara. Na ɗan yi tunani, sai na ce ai na'urar ce ke rufa wa manya asiri, kamar yadda waya ke ɓoye lambar sirri. Har burge ni abin ya yi.

Da la'asar na aika wa Yaya Ratri, mai aikin takardu a ofishin Phra Kru Wirat, shugaban 'yan zuhudun gunduma. Ita za ta danna abin da ke jera su daga babba zuwa ƙarami, ta sa wa kowa lamba.

Ranar Talata jerin ya dawo ta waya, wai a duba kafin a buga hatimi. Ina kicin ina cin shinkafa mai danƙo lokacin. Inna Lamyai, wadda ke riƙe da tukwanen wat tun kafin a haife ni, ta karɓe wayar ta nisanta ta daga fuskarta tana karantawa.

"Na ɗaya, Phra Kru Wirat. To, madalla. Shi da ya sha ƙunci kan wasiyyar nan, ga shi ta dawo masa da kujerarsa." Ta yi ta ja da yatsa. "Ina tsohon naka? Kai Tawi, ka manta da shi ne?"

"Yana ciki, Inna."

"Af! Ga shi nan. Arba'in da ɗaya." Ta ɗago ta dube ni. "An mai da shi yaye ke nan? Ga Phra Nop ma a samansa. Phra Nop fa, wanda shekaranjiya yake gyaran waya a bakin kasuwa, ya cuce ni da batir."

"Ƙila na'urar ce ta..."

"Na'ura ta ga Kamdi a ina? Yatsan nan naka ne, mai tafiyar kunkuru. Tashi ka gyara kafin ya ji."

Na koma ofis na zauna na dubi jerin da kyau. Tsofaffi uku ne a ƙasa, Luang Ta da wasu biyu, duk masu sanda. Na ce to, ƙila lambobi biyu sun yi wa na'urar kaɗan, ba ta gane su waye ba. Bari in gwada da namu in gani. Na shiga gidansa na goge, na buga shekarar cikakkiya, 2515, a hankali, ina faɗin kowace lamba da baki. Shingen karan ya sake fitowa. Na aika, na rubuta wa Yaya Ratri cewa na gyara, ta sake jerawa, in na Luang Ta ya hau sai in yi wa sauran biyun.

Ba ta amsa ba. Ta ga "na gyara", ta tsaya a nan. Ranar Alhamis da hantsi ɗan acaɓa ya kawo ambulan: kati arba'in da uku da za a liƙa a bakin dandamali, kowanne da jan hatimi, da kuma samfurin ɗan littafin taro. Na juya shafin sunaye. Luang Ta Kamdi ya motsa kam. Ya koma na arba'in da uku.

Na same shi a barandar ɗakinsa yana ɗinke bakin jakarsa. Na durƙusa na sunkuya sau uku, na daɗe a ta ukun.

"Faɗi," ya ce. "Goshinka zai huda mini katako."

Na faɗa masa.

"Na nawa?"

"Arba'in da uku."

"Cikin nawa?"

"Cikin arba'in da uku, Luang Ta."

Ya ci gaba da ɗinki. Allurar ta shiga ta fita wajen sau goma.

"To mene ne?" ya ce. "Mazauni katako ne da tabarma."

"Haka ne."

"Wa ke na ɗaya?"

"Phra Kru Wirat."

"Wirat." Ya ciji zaren ya tsinke shi. "Ni na aske masa kai. Kuka ya yi, wai askar ba ta da kaifi."

 Washegari da safe ban gan shi a hasumiyar ƙararrawa ba. Inna Lamyai ta ce loma uku ya yi ya rufe akushi.

Ranar Juma'ar na tuƙa zuwa gunduma. Yaya Ratri tana cin ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono a gaban kwamfuta, takardu sun kewaye ta. Na yi mata bayani. Ta buɗe jadawalin, ta kama bakin layin kwanan watan ta ja shi ya faɗaɗa, sai ga shingen karan ya ɓace, lambobi sun fito.

"Ashe ba ɓoyewa take yi ba," na ce.

"Ɓoyewa? Gidan ne ya yi mata ƙunci, ɗan ƙanena. Mako guda kana zuba abu cikin tulu ba ka leƙa ba?" Ta matso da fuskarta. Sai ta ajiye mangwaron. "Tabɗi."

A gaban sunan Luang Ta an rubuta shekarar 3058.

"Saura shekara ɗari huɗu da casa'in da ɗaya a aske masa kai," ta ce. "Ka ce masa ya riƙa cin abinci mai kyau."

Ta nuna mini yadda abin yake, sau biyu, don na farko ya wuce ni. Wai na'urar rigar ƙasarmu kawai aka sa mata. Tana rubuta sunan wata da harshenmu, tana nuna shekararmu, amma can cikin cikinta da shekarar Turawa take lissafi. Duk abin da ka ba ta, ɗauka take na Turawa ne, sai ta ƙara ɗari biyar da arba'in da uku ta nuna maka. Na ba ta 2515, ta karɓa da ladabi, ta ɗora nata a kai. Lambobi biyun kuwa, in ka ba ta su sai ta yi canki. Daga talatin zuwa sama ta kai su ƙarnin Turawa da ya wuce, ƙasa da talatin ta kawo su wannan. Sha biyar ɗin Luang Ta ta zama 2015, damina tara ke nan. Sauran tsofaffin biyu, mai 21 da mai 27, suka bi shi. Duk wanda ya shiga daga 30 zuwa yau kuwa ta tura shi zamanin kakanni.

"Kalli Phra Nop," ta ce. "Damina sittin da huɗu. Shekarunsa nawa?"

"Ashirin da tara."

"Yaro mai himma."

"To me zan ba ta ta gane?"

"Ka cire ɗari biyar da arba'in da uku da kanka, ka ba ta abin da ya rage. Na tsohonku 1972."

Ta buga, ga 2515 ta fito tsaf. Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina cirewa a bayan ambulan, ita tana bugawa. Ta danna, jerin ya juya, Luang Ta ya hau sama, Phra Kru Wirat ya sauko na huɗu.

"Ke ba ki lura ba tun farko, Yaya?"

"Na ga maigidana a sama, na ga ya yi murmushi. Wa ke bincike bayan wannan?" Ta fitar da takardar ta miƙo mini. "Kai za ka kai masa. Ni 'ya'ya biyu gare ni."

Phra Kru yana bayan ofis yana fesa wa furanninsa ruwa. Mutum ne mai haske, mai jiki, muryarsa a kwance. Na durƙusa a kan tsakuwa na miƙa takardar da hannu biyu, na ce laifina ne. Ya saurara har na gama, don ba ya katse mutum.

"Ka san abin da ya sa na yarda da na'ura, Tawi? Ba ta da ɗan'uwa, ba ta da aboki. Ba ta jin kunyar kowa."

"Ranka ya daɗe, ta ce daminarka casa'in da uku."

"Shekaruna hamsin da takwas."

"Shi ne na ce ko a duba."

Ya yi dariya sosai, har ya share ido da gefen mayafi. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ya ninke takardar biyu ya mayar mini.

"Hatimi ya riga ya hau. Littafi ɗari uku an buga, an kai wa manyan lardi nasu. Abin da aka buga wa hatimi ba a warware shi ana gobe taro, in ba haka ba wa zai ƙara yarda da takardar ofishin nan? Kowa zai zauna inda katinsa yake." Ya fesa wa wata fure ruwa. "Kuma ka yi tunani. Shekara nawa Luang Ta yana koya mana mazauni ba komai ba ne? In na tayar da gunduma don in canza masa wuri, ai kamar na ce wa jama'a shi kansa bai yarda da wa'azinsa ba. Ba zan ci masa fuska haka ba."

Na karɓi takardar, na sunkuya, na tashi. 

Da na dawo na ba Luang Ta labarin, har da yadda aka gyara a cikin na'urar, ko da zai ɗan ji sanyi.

"Me kuka ba ta?"

"1972."

"Ni ban san wata 1972 ba. Ban taɓa zuwa can ba." Ya juya fuskarsa bango. "Gobe ka zo da wuri. Na ƙarshe shi ya kamata ya fara zama, kada ya tsallaka ƙafafun manya."

Ranar Asabar tun da safe ina wat ɗin ƙetaren rafi. An kafa doguwar rumfa daga gabas zuwa yamma, dandamalin 'yan zuhudu ya bi tsawonta. A kan yamma aka jera ƙananan teburan Buddha, don nan ne kusa da wurin ƙonawa. Na liƙa katunan a bakin dandamali da salatif, na ɗaya a gindin teburan, na arba'in da uku can gabas kusa da inda ake ajiye takalma. Kowane mazauni na sa masa matashi da kwalbar ruwa.

Bayan cin abincin rana, wajen sha biyu da kwata, Phra Kru ya zo dubawa. Ya tsaya a kan katinsa, ya ɗaga kai ya dubi bakin rumfar, ya dubi inda rana za ta karkata. Babu bishiya ko ɗaya ta wannan gefen.

"Wa ya shirya haka? Daga ƙarfe uku rana za ta shigo nan kai tsaye. Buddha za ku bari a cikin rana?"

Babu wanda ya ce Buddhan tagulla ne, ya saba.

"A juya. Komai ya koma gabas. Tawi, kai ne ba ka da aiki a hannu." Ya wuce tarbar baƙin lardi.

Na fara da teburan, don Buddha ba ya jiran takarda. Tara ne, kowanne da inda yake zama, ba a kuma ɗaukar biyu a lokaci ɗaya. Na kai su ɗaya bayan ɗaya, na goge kowanne. Na kai tukwanen furanni, na kai kyandira, na kai ƙwaryar farin zare. Mutum-mutumin kuwa sai da na wanke hannu, na sunkuya, na nemi gafara, na rungumo shi a ƙirji na taka a hankali. Da na gama, ƙarfe ɗaya ta wuce.

Saura katuna. Na tsaya na dubi layin. Na ɗaya zai koma wurin na arba'in da uku, na biyu wurin na arba'in da biyu, haka haka. Na ashirin da biyu ne kaɗai a tsakiya, ba zai motsa ba. Sai na ga in na fara daga gefensa ina buɗewa, ba zan ruɗe ba. Na ɓare na ashirin da ɗaya da na ashirin da uku, na musanya su. Na ashirin da na ashirin da huɗu. Salatif ɗin ya kama katako saboda zafi, sai da farce.

Inna Lamyai ta zo wucewa da tiren kofuna. Ta tsaya. Ta dubi gabas inda Buddha yake, ta dubi katin da ke gindinsa, ta dube ni a tsakiya ina kankara.

"Daga nan ka fara?"

"Don kada in ruɗe, Inna."

"Uhm." Ta gyara riƙon tiren. "To yi a hankali. Takardar hukuma ce, da hatimi. In ka yaga ɗaya, ni ba ruwana." Ta yi taku biyu ta juyo. "Ka sha ruwa ma kuwa yau? Zauna ka sha. Ga gwanda can na kirɓa, ba za ta jira ka ba."

Na sha ruwa. Na ci gwandar, da yake ta riga ta zubo. An tambaye ni daga baya ko da gangan na yi, har Yaya Ratri ta tambaya. Abin da na sani shi ne ban yi sauri ba, amma kuma babu wanda ya taɓa ganin na yi sauri a wani wuri.

Ƙarfe ɗaya da rabi na je na kamo hannun Luang Ta daga inuwar da na bar shi. Ya sa tsohon mayafinsa, ya bar mai kyaun a gida. Muka shigo ta wurin takalma.

"Nemo mini arba'in da ukun," ya ce. "Ina ganin nan kusa ne."

"Ga shi, Luang Ta."

Ya sunkuya ya karanta katin. Ya ɗago ya ga teburan, ya ga Buddha a saman kafaɗarsa, ga ƙwaryar zare a gefen matashin. Ya sake karanta katin. Ya dube ni, ni kuma ina kallon ƙafata.

"Sunana ne wannan?"

"Naka ne."

"Da hatimi?"

"Da hatimi."

"To," ya ce, ya hau ya zauna, ya gyara mayafinsa, ya jawo ƙwaryar zaren gabansa.

Sauran suka fara shigowa, kowa yana bin katinsa. Tsofaffin biyu suka zauna kusa da shi. Bayansu sai yara sababbin shiga, suna zaune a takure kamar an sa su a kan garwashi, ba su taɓa matsowa kusa da teburan haka ba. Jama'a sun cika tabarmi, manyan lardi sun zauna a kujerun gaba. Ni ina nan durƙushe da kati biyu a hannu lokacin da Phra Kru ya shigo, ya nufi gabas kai tsaye, yana amsa gaisuwa hagu da dama. Saura taku biyar ya tsaya.

Mutum ɗari uku suna kallo. Tsoho mai damina hamsin da biyu yana zaune a gindin Buddha da zare a hannu. Abu ɗaya ne ɗan zuhudu ke yi in ya tarar da wanda ya fi shi damina, Phra Kru kuwa ya san aikinsa. Ya durƙusa ya sunkuya sau uku. Da ya miƙe ya matso kusa da ni, murya ƙasa ƙasa.

"Ba cewa na yi a juya komai ba?"

"Ina kai, ranka ya daɗe. Na kai kan kati mai lamba tara."

"Wirat!" Luang Ta ya kira shi da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ya yi nauyi, ko da yake nasa lafiya lau. "An ce kai ne na ɗaya, ko? Madalla, ka cancanta. Naka yana can. Ni nan suka ajiye ni a ƙarshe, ban ce komai ba. Kowa ya zauna inda katinsa yake."

Phra Kru ya dubi manyan lardi. Ya juya ya bi dandamalin, ya wuce mazauni arba'in da biyu, ya hau na ƙarshen yamma.

Aka warware zare ya bi hannu hannu. Luang Ta ya ja karatu, muryarsa ta fito fiye da yadda na san ta. Ƙarfe huɗu saura kwata mai sanarwa ya ce ana gayyatar wanda ke kan gaba ya hau ya ɗauke mayafi na ƙarshe, kamar yadda ake faɗa a kowace ƙonawa. Babu wanda ya dubi yamma. Na kama gwiwar hannunsa muka bi gaban jama'a har gindin matakala. Ya hau tara ɗin, bai huta a ta biyar ba.

A sama ya tsaya gaban akwatin. An jingina babban hoton marigayin a gefe, cikin furanni.

"Wa ya zaɓi wannan hoton?" ya ce. "Bunma bai taɓa yin murmushi haka ba. Kamar mai tallan man goge baki."

Ya ɗora hannu a kan mayafin ya karanta abin da ake karantawa, layi huɗu ne kacal. Ya gama, hannun bai tashi ba. Mai sanarwa ya yi gyaran murya, masu riƙe da furannin itacen da ake sawa a wutar ƙonawa suka fara duban juna. Ni ina jin nauyinsa yana ƙaruwa a hannuna. Sai can ya ja mayafin a hankali, ya rataya a damtsensa, muka juyo.

"Ka riƙe ni da kyau," ya ce. "Saukar ce mai wuya. Kuma hannunka yana warin tafarnuwa."

Na mayar da shi mazauninsa. Hayaƙi ya fara tashi, jama'a suka yi layi da furanninsu. Sai na tuna da gefen yamma. Rana ta shigo rumfar tun ƙarfe uku kamar yadda aka ce, ta kwanta a kan mazauni na ɗaya da na biyu. Phra Kru yana zaune a miƙe, ido a rufe, gumi ya jiƙa masa mayafi har ƙugu, ruwan kwalbarsa ya ƙare. Wani ya kawo masa takalmansa ta wannan gefen ya ajiye a kan siminti, baƙaƙe ne na roba, sun yi awa guda suna gasuwa.

Na zagaya ta bayan rumfa na ɗauke su. Sai da na sauya hannu don zafi. Na kai su gindin randa na zuba musu ruwa, na goge da gefen rigata, na dawo da su na ajiye a inuwar dandamali, bakinsu yana kallon waje. Da aka tashi ya sauko, ya zura ƙafa a ciki, ya wuce wurin motarsa yana magana da mutumin lardi.